Ikko Ba Ta Saci Ɗan Kowa Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ƙetaren kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera har Barnawa da Sabon Tasha. Duk inda dattawa suka taru a gindin itace da la'asar, in aka ambaci wani saurayi da ya tafi Ikko neman aiki, sai ka ji wani ya girgiza kai ya ce, "Ai wannan ya lalace, Ikko ta cinye shi. Yaran yanzu ba su son iyayensu, ba su son garinsu, iskar teku kaɗai su ke so su sha." Sauran su ce, "Haka ne." A tashi ke nan, an yanke wa yaro hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

To, ku 'yan makaranta, da na Gwamnati da na Mishan, maganar nan ta shafe ku, gama nan da shekara ɗaya ko biyu, sa'ad da kuka fita da takardunku a hannu, wadansunku ne za a zauna a yi wa irin wannan shari'a. Don haka muka ga ya kamata mu auna ta tun da wuri. Muna ganin girman dattawa, mun kuma san an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Amma a nan dai mun ce sun yi kuskure, sun ɗora laifi inda ba wurinsa ba. Ikko ba ta saci ɗan kowa ba.

Da fari mu tambaye su, su wa suka gina unguwannin nan da su ke zaune ciki? Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi ne a nan. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano ita ta fara jawo mutane, da aka haɗe ta a 1912. A 1917 aka ɗauke mazaunin mulkin Arewa daga Zungeru aka kawo Kaduna. A 1927 hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Kafanchan ta zo ta haɗu da waccan a babbar tashar da ke kudu da kogi. Daga nan fa mutane suka yi ta kwararowa, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo da Tibi da mutanen Kudancin Zazzau, kowa ya baro uwa da uba a wani gari. Watau dattijon nan da ke kushe yaro don ya tafi Ikko, in ka bincika, shi kansa ko mahaifinsa da akwati a ka ya sauka a tashar nan. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Me kuwa ya kawo su? Aiki. A 1957 Gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin Sardauna, ta haɗa kai da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, tana saƙa akoko da audugar ƙasar nan. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex da Arewa Textiles da UNTL sun biyo baya. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai, a 1975 aka fara haɗa motar Fijo, duk a Kakuri. A 1980 aka buɗe matatar mai. Waɗanda suka ga zamanin nan za su gaya muku yadda jiniya ke kuka, masu aikin dare na fitowa masu aikin safe na shiga, kekuna sun cika hanya har ba masaka tsinke. Mai tuwo ta samu, mai gidan haya ya samu, tela ya samu. A kwanakin nan yaron da ya gama makaranta ba ya bukatar ya nemi hanyar Ikko, gama da ƙafa zai taka ya je wurin aiki, da maraice ya komo ya ci tuwon uwarsa.

Sai kiɗa ya juya. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da a ke hura tukwanen masaƙa da shi ya yi tsada, injuna suka tsufa ba a sake su ba. A 1997 aka ɗage dokar da ta hana shigo da tufafin waje, 'yan fasa-ƙwauri kuma suka yi ta cika kasuwanni da atamfa mai araha daga ƙasar Sin. Ana cikin haka rikicin watan Fabrairu na 2000 ya auku, aka yi asarar rayuka da dukiya, mutane da yawa suka sauya unguwa, har kogin da ke tsakiyar gari ya zama kamar iyaka. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe ƙofa, Nortex da Arewa suka bi ta. A 2007 UNTL ta tsaya, ko da ya ke an sake buɗe ta a 2010, ba ta koma yadda ta ke a dā ba. Dubban magidanta suka wayi gari ba albashi.

To, jama'a, yaron da aka haifa a Makera a shekarar da aka rufe masaƙa, ina laifinsa a ciki? Shi ya hana wuta? Shi ya buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri iyaka? Ya tashi ya ga mahaifinsa, wanda ya yi shekara ashirin a gaban injin saƙa, yana zaune ba abin yi. An sayar da keke an biya masa kuɗin makaranta. Ya gama, ya kai takarda ofis goma, ko'ina a ce ya komo gobe. In wannan yaro ya ɗaura aniyar tafiya inda ya ji ana ɗaukar ma'aikata, sai a ce ba ya son iyayensa? Mu dai a ganinmu, sau da yawa son iyayen ne ya fitar da shi.

Wani zai ce, to, don me sai Ikko, mai nisan kusan kilomita 900 ta hanyar jirgi? Amsar tana bakin teku. Kaya masu nauyi da jirgin ruwa su ke shigowa ƙasa, a Apapa da Tin Can su ke sauka. Inda kaya ke sauka kuwa nan ma'aikatu ke taruwa, da bankuna da manyan kantuna, nan a ke neman akawu da direba da bakanike da mai aikin wuta. An ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, amma teku ba ta ɗaukuwa. A 2023 ma an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Lekki, da matatar man Ɗangote a kusa da ita. Ku dubi ko tashar tudu da aka buɗe a Kakuri a 2018, ai kayan da aka sauke a bakin teku ta ke jira. Wanda ya bi kaya zuwa inda su ke fitowa bai yi wauta ba.

Kada kuma a ce wannan sabon abu ne da ilmin boko ya kawo. Tun kafin a shimfiɗa ƙarfen jirgi fatake ke kora jakai zuwa Gwanja sayen goro, su yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarsu ba, ba wanda ya ce sun lalace. Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, ya yi zama a Akra, a bakin teku, cikin ƙasar da a ke kira Gana yanzu, yana aika goro Ikko ta jirgin ruwa, kafin ya komo Kano ya zama attajirin da kowa ya sani. A Ikko kanta, tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa. Unguwannin Hausawa na Agege da Idi-Araba sun daɗe da kafuwa, a kasuwar Mile 12 kuwa tumatir da albasa da barkonon Arewa a ke saukewa kullum. Hanyar da yaran nan ke bi, kakanninsu ne suka share ta.

Amma fa kada ku 'yan makaranta ku ji mun faɗi haka, ku ce mun ba kowa izini ya naɗe tabarma. Cikin maganar dattawan nan akwai gaskiya guda, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Akwai masu tafiya ba da wani dalili ba sai hoton da suka gani a waya, wani abokinsu ya tsaya a bakin teku da baƙin tabarau, rana tana haskawa. Wai su sun gaji da hunturu da ƙurarsa. To, in rana ce, wace rana ce babu a Kaduna? Wanda ya taka daga Kakuri zuwa Barnawa da tsakar rana a watan Maris ba ya bukatar a ba shi labarinta. Ikko kuwa gumi ne dare da rana, a watan Yuni da Yuli ruwa ya yi ta zuba har unguwanni su cika. Shahararren bakin tekun nan ma da a ke kira Bar Beach, an cike shi da yashi don gina sabuwar unguwar masu kuɗi.

Ga abin da hoto ba ya nunawa. Jihar Ikko ita ce mafi ƙanƙanta a ƙasar nan wajen faɗin ƙasa, amma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan 9. Saboda haka ɗaki ya yi tsada, mai gida kuma kuɗin shekara ya ke nema tun ba ka shiga ba. Ma'aikaci ya kan tashi tun assalatu don ya riga cunkoson motoci, ya komo bayan lisha. Wanda ya je ba sana'a, sai ya kwana a rumfar kasuwa ko ƙarƙashin gada. Samari da yawa sun tafi da niyyar yin acaɓa, sai ga shi ran 1 ga Yuni 2022 Gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere. Wanda babur ɗin nan ne iyakar dabararsa, ya ga ta kansa.

Watau tafiya iri biyu ce. Akwai mai tafiya neman abin da babu a gida, akwai mai gudu daga abin da ya kasa yi a gida. Na farin shi mu ke karewa. Na biyun kuwa, wanda ya ƙi karatu ya ƙi koyon sana'a a nan, teku ba za ta wanke masa lalaci ba.

Saboda haka duk wanda ya ke da niyya a cikinku, ga abin da mu ke ba shi shawara, tun yana kan benci, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ya riƙe abin da zai sayar in ya je, ko takardar shaida ta gaske, ko sana'ar hannu kamar gyaran inji da aikin wuta da ɗinki da aikin kwamfuta. Ya san gidan da zai sauka da mutumin da zai tsaya masa. Ya tanadi kuɗin komowa ya ɓoye, kada ya taɓa su ko da yunwa ta matsa. Ya koyi gaisuwa da Yarabanci, ya girmama masu gari, gama baƙo ne shi. Sa'an nan kada ya fita a ɓoye da dare kamar ɓarawo. Ya durƙusa gaban iyayensa ya gaya musu dalilinsa, ya nemi albarkarsu.

Ga kuma babbar magana, wadda a kanta ne za a gane ko dattawa sun yi gaskiya a kanka ko ba su yi ba. Fataken dā ba su da hanyar aike sai in ayari ya taso. Kai kuwa waya tana aljihunka, kuɗin da ka tura daga Agege za su iso Makera kafin a sauke tukunya. Wanda ya yi wata uku bai kira uwarsa ba, ba nisa ne ya hana shi ba, halinsa ne, da ma yana Barnawa haka zai yi. Amma waya ba ta isa ba, gama zumunta a ƙafa ta ke. A zo Salla ko Kirsimeti, a zo jinya, a zo jana'iza, a ɗauki nauyin karatun ƙane. Kuɗi ba su ɗaga tsoho daga tabarma su kai shi asibiti, sai hannu. In kai kaɗai ne iyayenka suka haifa, sun kuwa tsufa, to, ka auna da kyau kafin ka sayi tikiti.

Saura tambaya guda da a kan yi mana, wai in kowa ya tafi, wa zai gyara gida? Tambaya ce mai kyau, amma ba yara za a yi wa ita ba. A kai ta gaban waɗanda ke da iko a kan wuta da iyaka da auduga da zaman lafiyar gari. Ran da jiniya ta sake kuka a Kakuri ba sai an roƙi kowa ya zauna ba, har na Ikko za su komo da abin da suka koyo. Kafin wannan rana, iyayenmu dattawa, muna roƙonku, in yaro ya zo muku da dalili, ku saurare shi, ku sa masa albarka, ku daina kiransa lalatacce. Ku kuma samari, in kun je kun samu, ku tuna da wanda ya sayar da kekensa don ku yi karatu. Allah ya kai mai tafiya lafiya, ya komo da shi lafiya.