Jikin Ɗan Adam Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

Ya jama'ar Jega da Aliero da Maiyama, da sauran masu karatu baki ɗaya. Yau ina so mu duba wata mas'ala mai nauyi, watau maganar mutum ya ba da wani abu na jikinsa, ko jini ko ƙoda ko ɓargo, domin a ceci ran wani, da kuma wanda ya cancanta ya tsaya bisa wannan al'amari.

Kowa ya san kasuwar Jega ya san abin da a ke kira ciniki. Hatsi da dillalinsa, dabba da dillalinta, albasar Aliero da nata. Wannan halal ne, da shi ƙasa ta ke arziki. Amma akwai abu guda wanda in dillali ya shiga cikinsa ya ɓaci, shi ne jikin ɗan Adam. Alhali kuwa duk inda bukata ta yi tsanani, hukuma ba ta tsaya ba, to, dillali ne ke tsayawa.

Bukatar kuwa ga ta a ƙofarmu. Babbar hanyar mota da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama kafin ta nufi Koko da Yawuri, ba a rasa haɗari a kanta. Ga mace mai haihuwa da jini ya ɓalle mata da tsakar dare, ga yaro mai amosanin jini. Sau da yawa sai an kwantar da majinyaci kāna a ce da dangi su nemo mai ba da jini. In babu wanda nasa ya dace, sai a shiga ciniki da wanda ya mai da jininsa abin sayarwa, ba a san lafiyarsa ba.

Dashen gaɓa ma ya matso kusa. A shekarar 2002 aka fara dashen ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, a 2025 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ya yi nasa na farko. Mutanen Aliero, waɗanda ƙasa duka ta san su da ɗori, sun fi kowa sanin cewa gyaran jiki baiwa ce daga Allah, amma ba ta tafiya sai da amana tsakanin mai gyara da wanda a ke gyarawa.

Wani zai ce, shin Shari'a ta yarda? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta ce ya halatta a ɗauki gaɓa daga mai rai in ba za ta halaka shi ba, haka daga mamaci in shi ya yi izini tun yana da rai ko magadansa suka yi. Amma ta hana sayarwa ko ta halin ƙaƙa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma bisa wannan ta tafi: ba a ɗiban kome daga jikin mai rai sai da yardarsa, ba a dashe sai a asibitin da aka ba izini, ba a ciniki. A 2021 aka yi dokar Hukumar Jini ta Ƙasa, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idodin dashen gaɓoɓi. Ashe doka ba ta yi ƙaranci ba. Abin tambaya, shin ta iso Andarai da Mungadi, ko tana can Abuja cikin akwati?

Kada wani ya ɗauka tsoron jama'a jahilci ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani bisa yara 200, iyaye suka ce ba a fahimtar da su ba. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, wannan tabo kuwa yana cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Haka kuma a 2023 kotu a London ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8, domin an kai wani saurayi mai talla daga Ikko da nufin a cire ƙodarsa. Talaka ya ji wannan, yaya ba zai ja da baya ba? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Duk da haka bincike wajibi ne. Sa'ad da sanƙarau ya ɓulla a Aliero da Jega da Gwandu a bazarar 2025, sai da aka ɗebi samfur daga jikin majinyata aka kai Abuja kāna aka tabbatar da cutar. In jama'a suka ƙi ba da wannan ɗan abin, likita ya zama mai harbi cikin duhu.

Saboda haka ga roƙona ga Gwamnatin Jihar Kebbi. Ta sa takardar yarda, ko ta jini ko ta gaɓa ko ta bincike, a rubuta ta da Hausa, da boko da ajami, yadda dattijon da ya yi karatun allo zai karanta da idonsa ya san abin da ya sa wa hannu. A karanta ta gaban shaida wanda ba ya da wata riba cikin al'amarin, a kuma gaya wa mutum yana da ikon fasawa. In an ɗebi samfur, a komo a faɗa wa mai shi abin da aka gani, da inda aka kai sauran. Sa'an nan a ajiye jini tsararre a asibitocin garuruwan nan uku, cikin na'urar sanyi mai aiki da hasken rana, da littafin sunayen masu bayarwa don Allah, yadda in na Maiyama ya ƙare za a aiko daga Jega kafin gari ya waye. Hakimai da limamai su kasance cikin aikin tun farko, domin maganarsu a ke ji.

Mu kuma jama'a, akwai namu. Lafiyayyen namiji yana iya ba da jini bayan kowane wata uku, jiki ya mayar da shi ba tare da wata illa ba. Kada mu jira sai namu ne ke kwance. Wanda kuwa wani ya zo masa da maganar kuɗi bisa ƙodarsa, ko da alkawarin aiki a ƙasar waje, ya kai magana gaban hakimi tun da wuri, domin ƙoda in ta fita ba ta komowa.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin. Haza wassalam.