Mai Tafiya Da Kare Ba Ya Cika Baki

A ƙasar Ingila akwai wata hanyar ƙafa wadda ta bi bakin teku ta kudu maso yamma, daga garin Minehead har Poole, tsawonta mil 630. Wani marubuci, Mark Wallington, ya bi ta da ƙafa, ba shi da abokin tafiya sai wani kare ɗan birnin London, ana ce da shi Boogie. Da ya komo ya rubuta littafin ban dariya, 500 Mile Walkies, aka buga cikin 1986. Cikin 1996 kuma ya fitar da Pennine Walkies, labarin tafiyarsu bisa hanyar duwatsun Pennine mai mil 268.

Wasu za su ce wannan ɓarnar takarda ce, babban mutum ya zauna yana ba da labarin kare. To, a yi haƙuri a duba. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma sau da yawa ita ce mabuɗin ƙarya. Matafiyi in ya dawo, tudu ya zama dutse, rafi ya zama kogi, tsoron da ya ji kuwa ba a ambatonsa. Wanda ya tafi da kare ba shi da wannan dama. Kare bai san sarauta ba, bai san girman marubuci ba. Ubangidansa na tsaye yana yabon faɗuwar rana bisa teku, shi kuwa hancinsa na cikin jakar guzuri. Mai rubuta irin wannan labari tilas ya yi wa kansa dariya, wanda kuwa ya iya yi wa kansa dariya, maganarsa ta fi kusa da gaskiya. Mai karatu ya san nisan hanya, da ruwan sama, da kumburin ƙafa, yadda suke.

Sai dai akwai sharaɗi. Dabba ba ta zaɓi tafiyar nan ba, janta aka yi, saboda haka ruwanta da abincinta da hutunta suna wuyan mai ita. Tom Turcich, mutumin Amurka, ya kewaya duniya da ƙafa daga 2015 zuwa 2022 tare da karyarsa Savannah, wadda ya ɗauko a Texas tana 'yar kwikwiya. Sa'ad da ƙafarta ba ta yi ƙwari ba, cikin keken kayansa ya riƙa tura ta. Haka ya kamata. Dariyar da aka samu bisa wahalar dabba ba raha ba ce, zalunci ne.

Saboda haka kada a rena waɗannan littattafai don sunan kare yana ciki. Mai son rubuta labarin tafiyarsa ya koyi abu biyu daga gare su: ya rage yabon kansa, ya kuma kiyaye hakkin abokin tafiya, ko mai ƙafa huɗu ne. Allah ya kyauta. Haza wasalamu.