Ragowar Galan Ɗin Yaya

A watan Janairun 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero. Samari da yawa suka wayi gari babu abin yi. Wasu suka koma garuruwansu, wasu suka sa baburansu a kasuwa don su haɗa kuɗin Adaidaita Sahu. A wannan tsakanin na sayi babur ɗina na farko, Boxer na hannu, a wajen wani yaron unguwarmu. Da yake miƙo mini makulli sai ya ce, "Malam, ga amana nan. Duk Juma'a nake masa juye, ban taɓa tsallakewa ba." Na ji maganar, amma ban auna nauyinta ba sai daga baya.

Watannin farko na bi sawunsa gwargwado. Tunda ni ba haya nake yi ba, daga gida sai makarantar da nake koyarwa, sai na mayar da juyen wata-wata. Baƙin mai na gama-gari nake saye, lita ɗaya, wanda aka rubuta wa 20W-50 a jiki, babur kuma bai taɓa yi mini gardama ba.

Wata rana na raka yayana ya yi wa motarsa sabis. Galan mai cin lita biyar ya saya, motar ta sha huɗu, ɗaya ta rage. Ya miƙo mini ya ce, "Ungo ka zuba wa mashin ɗinka. Wannan sintetik ne, ni sai na yi wata shida ban waiwaye shi ba." Da kyakkyawar niyya ya ba ni, ni kuma na karɓa da murna, don na san kuɗin wannan lita ɗaya ya ninka na wanda nake saye. A raina na ce ai abin da ya fi tsada shi ya fi kyau. Na zuba, kuma na ƙudurta cewa ni ma sai bayan wata shida.

Makon farko har daɗi na ji. Injin ya yi laushi, yana tashi da bugu ɗaya da asuba. A mako na uku ne na ɗauko buhun masara, ina hawan gadar Ƙofar Nassarawa, na murɗa totur, sai injin ya yi ta kururuwa amma babur ɗin ba ya ƙara gudu. Kamar mutum yana gudu a kan yashi. Na sauko giya, na lallaɓa na haye. Na ɗora laifin a kan nauyin kaya. Haka na ci gaba da hawa har hunturu ya shigo da ƙurarsa, har na fara jin wani ƙas-ƙas a saman injin, ga hayaƙi kaɗan-kaɗan daga salansa idan na tashe shi.

Akwai wani dattijon bakanike a bakin layinmu, kowa Baba yake ce masa. Da na kai masa babur ɗin, ya zaro geji ya duba, mai bai ko taɓa alamar ƙasa ba. Ya kwance noti, abin da ya zubo bai cika rabin gwangwani ba, baƙi ƙirin, tsararo kamar ruwan shayi. Ya murza a tsakanin yatsunsa, ya shinshina, sannan ya ce in kawo masa robar da na zuba. Da ya juya ta ya dudduba sai ya ce, "Malam, man nan ba shi da laifi. Mai kyau ne. Gidan da ba nasa ba ka kai shi."

Bayanin da ya yi mini a tsugune, da sifana a hannu, har yau ban ji wanda ya fi shi ba. A mota, man injin aikinsa injin kaɗai. Giya tana da nata man, kuloci kuma a bushe yake aiki. A irin baburanmu kuwa, lita ɗayan nan ita ce ke shafe fistin da bawul, ita ce ke shiga tsakanin haƙoran giya suna tauna ta, kuma a cikinta faifan kuloci suke jiƙe. Ga shi babu lagireto, iska ce ke sanyaya injin, sai man ya ɗauki wani kaso na zafin. Aiki uku ko huɗu a kan mai ɗan kaɗan. Man motocin zamani kuma ana zuba masa sinadarin ƙara santsi don mota ta rage shan fetur. Injin mota yana son wannan santsin. Kuloci kuwa kamawa ce sana'arsa, idan santsi ya yi yawa sai faifan su riƙa zamewa suna ƙona juna, musamman irin nawa da suka riga suka sha wahalar acaɓa.

Daga baya, da na bi diddigin maganar, na tarar Japanawa sun riga sun yi wa matsalar magani. A 1998 hukumarsu ta ƙa'idojin motoci ta fito da ma'auni na musamman don man babur mai bugu huɗu, shi ne ake rubutawa JASO a jikin roba. Idan ka ga JASO MA, ko MA2 da aka ƙaro a 2006, to man ya dace da kulocin da ke jiƙe cikin mai. JASO MB kuwa na baburan da ba a sa musu giya da ƙafa ne, waɗanda kulocinsu ba ya cikin man injin. Robar Yaya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke jikinta 5W-30 ne, da wani tambari mai da'ira da ke nuna man rage shan fetur ne.

Lambobin nan ma suna da ma'ana, kuma na daɗe ina kallonsu kamar ado. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi. Ta biyu tana nuna kaurinsa idan injin ya ɗauki zafi, a ma'aunin digiri 100. Mu da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, lamba ta biyu ce ta fi shafarmu. Na sauko daga 50 zuwa 30 a tsohon injin da zobban fistin ɗinsa suka riga suka saki. Siririn mai ya samu hanya, ya riƙa silalewa yana ƙonewa tare da fetur, ni kuma ban duba geji ba saboda na sakankance da tsadarsa.

Ina so a fahimce ni, domin na ji masu cewa sintetik ne ke kashe kuloci, kuma wannan ba daidai ba ne. Baƙin mai na gama-gari tace shi ake yi daga ɗanyen mai, ƙwayoyinsa kuma ba girmansu ɗaya ba, shi ya sa zafi ke saurin cinye wasu ya bar datti. Sintetik kuwa harhaɗa shi ake yi, ko a yi masa tacewa mai tsanani har ƙwayoyin su daidaita. Ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai tsinke ba, bai cika barin dauɗa a cikin injin ba. Tun shekarun 1970 yake kasuwar motoci; Mobil 1 ya fito a 1974. Sunan ma ya faɗaɗa tun 1999, lokacin da Mobil ya ƙalubalanci Castrol a Amurka kan kiran man da aka yi wa tsananin tacewa da sunan sintetik, aka kuma bai wa Castrol gaskiya. Saboda haka kalmar kaɗai ba ta gaya maka komai game da kulocinka. Akwai sintetik da aka yi don babur, mai ɗauke da JASO MA2, kuma mai ne na ƙwarai.

To wa ya kamata ya saye shi? A ganina, mai babban babur da ke doguwar tafiya, Kano zuwa Kaduna ko Zariya zuwa Sakkwato, injin yana juyawa da ƙarfi na sa'o'i, kuma da matatar mai ta takarda da ake canzawa, wannan kuɗinsa bai tafi a banza ba. Haka wanda littafin babur ɗinsa ya ce sintetik za a zuba. Maganar maƙera ita ce gaba. Amma ƙaramin babur na kai yara makaranta da zuwa gona, wanda abin da ke tace masa mai ɗan raga ne da wani kofi mai juyawa, lissafinsa daban ne. Babbar fa'idar sintetik ita ce daɗewa, mu kuma ƙura ba ta barin mai ya daɗe. Turɓayar hunturu da ta kuɓuce wa soson tace iska, da garin faifan kuloci, da ɗan fetur da ke gangarowa, duk a cikin man suke taruwa, mai tsada ne ko mai araha. Juye ne kaɗai ke fitar da su. Kuɗin lita ɗaya ta sintetik zai iya yi maka juye biyu ko fiye da na gama-gari mai kyau, kuma ni dai a ƙaramin babur na zaɓi juye biyun.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu ma ba wannan zaɓin ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, baƙin mai ya yi tsadar da talaka ke jinkirta juye ko ya koma man awo na bakin titi. A cikinsa akwai mai kyau, akwai kuma tsohon mai da aka tace aka sake ɗurawa, har da wanda ake zubawa a robar kamfani a liƙe kamar sabo. Hukumar SON tana kama irin waɗannan jabun lokaci zuwa lokaci, amma kasuwa tana da faɗi. Ina ganin magidanta da babur ɗin nan shi ne gonarsu shi ne shagonsu, suna zuba abin da ba su san asalinsa ba, kuma ba zan iya zarginsu ba, don na san abin da ke aljihunsu. Abin da nake roƙonsu shi ne su saya a gidan mai ko wajen dillalin da suka yarda da shi, su duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, su huda robar bayan sun juye don kada ta koma hannun masu jabu.

Ranar da na kai babur ɗin wajen Baba, ya canza mini faifan kuloci da zobban fistin, ya wanke ragar mai da soson iska. Kuɗin ya kusa cinye rabin albashina na watan. Da zan biya sai ya ɗauko geji ya sa mini a hannu ya ce, "Goge. Mayar. Zaro. Me ka gani?" Sai da ya sa na yi sau uku, babur yana tsaye a miƙe, kafin ya ba ni makulli.

Yaron da ya sayar mini da babur ɗin yana jan Adaidaita Sahu yanzu, har ya yi iyali. Kwanakin baya muka haɗu a danja, ya leƙo ya ƙare wa injin kallo, ya saurari ƙararsa, ya ce, "Malam, yaushe rabonsa da juye?" Na ce Asabar ɗin da ta wuce. Ya gyaɗa kai, aka ba mu hannu, kowa ya kama hanyarsa.