Ɗaukar Hoton Jirgin Yaƙi Ba Leƙen Asiri Ba Ne

A cikin watan Nuwamba na 2001 hukumomin ƙasar Girka suka kama mutum 14, wato 12 daga Ingila da 2 daga Holan, a sansanin mayaƙan sama na Kalamata, a daidai ranar da aka buɗe ƙofa domin jama'a su shiga kallo. Mutanen nan masu sha'awar jirage ne, irin waɗanda kan bi ƙasa ƙasa su ga jirgi, su rubuta lambarsa a littafi, in an yarda su ɗauki hotonsa. Aka tsare su fiye da wata guda. A watan Afrilu na 2002 kotu ta same su da laifin da ya shafi leƙen asiri, sai a watan Nuwamba na wannan shekara kotun ɗaukaka ƙara ta wanke waɗanda suka je gabanta.

A ganinmu abin da ya auku a Kalamata kuskure ne, kuma ya kamata kowace gwamnati ta yi karatun ta-natsu a kansa. Wanda ya gayyaci jama'a kallo, sa'an nan ya kama su don sun ƙura ido, ya yi baki biyu ke nan.

Masu wancan ra'ayi sukan ce ai hoto yana iya faɗawa hannun abokan gaba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma bari mu duba tarihi. Jirgin Amurka mai suna F-117 ya fara tashi a 1981, amma gwamnatin ƙasar ba ta yarda cewa akwai shi ba sai a 1988. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kai shi filin nuni ba. Ashe abin da yake asiri ne na gaske ba a fito da shi bainar jama'a. Abin da aka jera a fili kuwa, hukuma ce ta zaɓi a gan shi. A bikin jiragen sama na Tushino, kusa da Mosko, a 1955, Tarayyar Sobiyet ta sa manyan jiragen yaƙinta suka yi ta kewayowa suna sake wucewa, har 'yan kallo na ƙasashen Yamma suka ɗauka yawansu ya fi yadda yake. A nan mai nuni ne ya ruɗi mai kallo. Balle yau da taurarin ɗan Adam ke ɗaukar hoton sansani daga sama, ɗalibi mai ƙaramar kyamara ba shi ne abin tsoro ba.

Amfanin buɗe ƙofa kuwa a bayyane yake. A Ingila, tun 1985 ake yin babban bikin jiragen soja a Fairford, inda a 2003 aka tara jirage 535, kuma 'yan kallo sukan ɗauki hoto yadda suka ga dama. Yaron da ya tsaya ƙarƙashin fiffiken jirgi ya tambayi matuƙi yadda injin ke aiki, wataƙila shi ne injiniyan gobe. Ban da wannan, jirgin yaƙi da kuɗin talakawa ake sayensa. Nijeriya ta karɓi jiragen Jaguar a 1984, ba su cika shekara 10 suna tashi ba aka ajiye su. Al'ummar da ta saba ganin jiragenta da idonta, ita ce za ta iya tambaya in ta daina ganinsu a sama.

Sai dai haƙƙi yana tafiya da nauyi. Wajibi ne hukumar da ta shirya biki ta rubuta a bakin ƙofa, cikin harshen da kowa zai gane, abin da aka yarda a ɗauka da abin da aka hana, ta kuma sanar da sojan da ke gadi, don kada kowa ya yi hukunci da son ransa. Shi kuma ɗan kallo kada ya ƙetare igiya, kada ya juya kyamararsa wajen rumbun makamai, in an ce ya dakata ya dakata. Nisan da ake bari tsakanin jama'a da jirage ba don wulaƙanci ba ne: a Ramstein ta Jamus, a 1988, jirage uku suka yi karo a sama, mutum 70 suka rasu, galibinsu 'yan kallo.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan da ke tsara irin waɗannan bukukuwa su fayyace doka tun kafin ranar, ɗalibanmu kuma su je kallo, su kiyaye ta. Allah ya sa a gane.