Ciyawar roba da ranar Kebbi: a yi tambaya kafin a shimfiɗa

Ciyawar roba ta zama abin yayi a filayen ƙwallo, makarantun kuɗi da wuraren biki a manyan biranen ƙasar nan, kuma duk abin da ya yi kasuwa a birni ba ya jimawa bai iso Jega ba. Ba a yi mata ban ruwa, ba a yanka ta, tana nan shar ko a tsakiyar rani. Duk da haka muna ganin shugabannin ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama su dakata tukuna kafin ɗan kwangila ya miƙa musu takarda.

Babbar damuwarmu zafi. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun auna saman irin wannan fili, suka tarar ya kai digiri 93 a ma'aunin Salshiyos, a ranar da zafin gari yake wajen 37. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40, ga yaranmu da yawa ba takalmi suke buga tamola. Yayyafa ruwa na sanyaya filin na ɗan lokaci ne kawai, kuma wa zai riƙa ɗebo ruwan a bazara?

Sai kuma rauni: wanda ya zame a kan ciyawar, fatarsa kan ɗaye, ciwon kuma ya ruɓe idan ba a wanke shi ba. Takalmi kan maƙale, gwiwa ko idon sawu ya gurɗe. Tsoron irin wannan ne ya sa fitattun 'yan wasa suka kai FIFA ƙara gabanin gasar cin kofin duniya ta mata a Kanada a 2015, ko da yake sun janye daga baya. Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma ba ma fatan filin wasa ya ƙara wa masu ɗorin aiki.

Baƙin barbashin da ake zubawa cikin ciyawar yawanci niƙaƙƙun tsofaffin tayoyi ne. Bincike bai tabbatar yana jawo ciwon daji ba, kada a tsorata jama'a. Sai dai a 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 ba za a ƙara sayar da shi ba, saboda yadda yake gurɓata ƙasa da ruwa. A nan ruwan damina zai iya kwashe shi zuwa Gulbin Zamfara da fadamun albasa. Kuma mun san inda gwanjon Turai yake ƙarewa.

Muna kira ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ta auna zafin wannan ciyawa a tsakar rana cikin watan Afrilu, ta bayyana wa jama'a sakamakon. Kafin nan, kada a shimfiɗa ta a makarantar firamare ko ɗaya. A gyara filayen ƙasa da muke da su, a dasa itatuwa a gefensu.