Hirar Ƙawaye Da Amanar 'Ya'ya

 

Ya ku 'yan'uwa, akwai wani majalisi a cikin al'ummarmu wanda ba shi da shugaba, ba a kuma shelanta zamansa a masallaci, amma a nan ne ake yanke hukuncin abin da za a yi wa yaro idan jikinsa ya yi zafi da tsakar dare. Muna nufin hirar da mata ke yi da ƙawayensu a gidan suna, da layin awo, da hanyar dawowa daga Islamiyyar matan aure, yanzu kuma har ta waya. Wannan ta ce ƙaramin nata ya kwana uku yana zawo, waccan ta ce ai haƙori ne. Wata ta ce ga sanyi ya shigo, rigunan yara duk sun ɗage, maigida kuwa ya ce a jira Salla.

Da yawa daga cikin masu wa'azi idan sun tashi magana a kan zaman mata, giba da annamimanci kaɗai suke hangowa. Ba mu musanta cewa ana yin su ba. Amma matar da ta gaya wa 'yar'uwarta damuwarta ba ta yi laifi ba, wadda ta saurare ta kuwa aikin lada ta yi. Abin da ya kamata a duba shi ne ingancin shawarar da ake bayarwa, domin shawarar ƙawa takan riga ta likita isa kunnen uwa, sau da yawa ma ita ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe.

Mu fara da kalmar nan ta "haƙori ne". Lalle fitowar haƙori takan sa yaro dalalar yawu, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima. Amma ba ta kawo zazzaɓi mai tsanani, ba ta kuma kawo zawo kamar ruwa. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da haƙori ke fitowa, wato daga wajen wata shida, shi ne kuma lokacin da yaro ke fara rarrafe yana kai duk abin da ya samu baki, ana fara ba shi kunu, kariyar da ya samo daga jikin mahaifiyarsa kuma tana raguwa. Abu biyu ne suka zo tare, sai aka ɗora wa ɗaya laifin ɗayan. Illar wannan fahimta ita ce takan sa a zauna jira, alhali zawo ruwan jiki yake zuƙewa. Idan maɗiga ta loɓa, idanu suka faɗa, fitsari ya ragu, to ba abin shafawa a ka yaron ke nema ba, ruwa ne ya ƙare masa. Maganinsa haɗin gishiri da sukari na ƙunshi, a dama shi kamar yadda aka rubuta a jikinsa, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa, sannan a nufi asibiti idan ya kasa sha. Kada kuma mu manta da "maganin haƙori" mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Nijeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Iyayen da suka saye shi don tausayin 'ya'yansu suka saya.

Sai maganar tufafi, wadda ita ce mata suka fi kuka da ita, maza kuma suka fi rainawa. Haƙiƙa wannan ba maganar mata ba ce, maganar shari'a ce. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba gwargwadon hali. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, ta bayyana wajabcin ciyar da 'ya'ya ƙanana a kan mahaifinsu, malamai kuwa sun sanya tufafi cikin wannan nafaƙa. A Mukhtasar na Khalil an ƙaddara tufafin mace sau biyu a shekara, na lokacin sanyi da na lokacin zafi. A lura da kyau: da yanayi malaman fiƙihu suka auna tufafi, ba da biki ba. Mu kuwa mun mayar da ma'aunin ya koma Ƙaramar Salla da Babba. Salla kuma tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, tana zagaya damina da rani, amma hunturu bai taɓa saɓa alkawarinsa na Nuwamba zuwa Fabrairu ba.

Saboda haka sai ka ga magidanci ya ci bashi ya ɗinka wa ɗan shekara ɗaya babbar riga ta shadda har da aiki a wuya, mai sitaci tana kartar fatarsa, ya sa ta yini biyu ta shiga akwati, kafin wata Sallar ta yi masa kaɗan. Wannan yaron ne kuma za ka tarar da sanyin asuba yana yawo a tsakar gida da 'yar singileti, ba wando ba takalmi, hanci na zuba. Ba mu hana ado ranar idi ba, abu ne mai kyau, faranta wa yara kuma ibada ce. Amma kuɗin ɗinkin rigar nan kaɗai ya isa a shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, ko makamanciyarta a kowane gari, a zaɓo rigar sanyi da hula da safa na gwanjo, a wanke a shanya a rana. Wanda ke jin kunyar a ga ɗansa da gwanjo, amma ba ya jin kunyar a gan shi yana rawar ɗari, to ya binciki niyyarsa: yaron yake tufatarwa ko idon mutane? Haka ankon suna da na biki, wanda ƙawaye ke ɗora wa juna da sunan zumunci, har mace ta sayar da akuyarta don kada a ce ba ta fito ba.

A nan ma muna tuna wa masu tura ƙananan yara almajiranci cewa nisan gari bai sauke musu wannan wajibi ba.

Tufatarwa kuma tana son ilimi kamar yadda take son kuɗi. Jariri sabon haihuwa, musamman bakwaini, yana saurin rasa ɗumin jikinsa, don haka hula da safa da jingina shi da fatar ƙirjin uwarsa sun fi masa wankan sassafe. Amma yaron da zazzaɓi ya kama ba a tula masa barguna, sassauta masa kaya ake yi. Kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, yadin leda kuwa idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne wa fata. Idan yaro yana tari, a ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa na loɓawa idan ya ja numfashi, to alamar limoniya ce, ba mura ba ce da za a jira ta wuce. Wannan ilimi ne da mace za ta iya koya wa ƙawarta a tsaye a bakin ƙofa.

Abin takaici, yaron da ba shi da rigar sanyi sau da yawa yana da laya a wuya da guru a ƙugu. Matsayinmu a kan wannan sananne ne, hadisin Uƙbatu ɗan Amir da Imamu Ahmad ya ruwaito ya isa gargaɗi. Sai dai muna gaya wa 'yan'uwa cewa wanda ya tsinke layar ɗansa amma ya hana a yi masa riga-kafi, rabin aiki ya yi, domin shari'ar da ta hana rataye-rataye ita ce ta yi umurni da neman magani. Mun san inda tsoron ya samo asali, babu wanda ya manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. To amma mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda ya fi tsanani a Kano, yaran da ba a yi wa allura ba ya fi ɗauka.

Mu maza kuma muna da tamu hirar, a dakalin ƙofar gida da teburin mai shayi, inda ake warware siyasar duniya kaf tsakanin Magariba da Isha'i. A tambayi mahalarta watan da ake yi wa yaro allurar ƙyanda, ko girman takalmin autansu, a ga mutum nawa za su amsa. Alhali kuɗi a hannunsu yake, izinin fita ma a hannunsu yake, kuma yara da yawa sun kwana cikin mawuyacin hali ba don komai ba sai don maigida yana kasuwar ƙauye, uwar kuwa tana tsoron fita ba da izini ba. Muna kira ga kowane magidanci ya ba iyalinsa izini tun yau, a fili, cewa duk lokacin da yaro ya kasa shan nono, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya yi sauri, a tafi asibiti ko yana nan ko ba ya nan, ya kuma ajiye kuɗin mota a inda ta sani. Malaman Islamiyyun matan aure kuma su gayyato ma'aikaciyar jinya daga cikin 'yan'uwa mata kafin sanyi ya kankama, su ba ta rabin sa'a bayan darasin fiƙihu, ta zo da agogo da ƙunshin gishiri da sukari ta nuna a aikace.