A Ajiye Waya, A Ɗauko Fensir

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun fi kowa sanin abin da waya ke yi idan aka danna mata ta ɗauki hoto. Kafin ƙiftawar ido ta ɗauki hotuna da dama, ta haɗa su wuri guda, ta haskaka inda ta ga duhu, ta ƙara wa sama shuɗi, ta liƙa lokaci da wuri. Ita ta duba, ita ta zaɓa, ita ta adana. Mai wayar yatsa kawai ya bayar. Shi ya sa muke cewa matashin da ya yi tari, ya sha wahalar biza, ya goya jaka ya tafi ƙasar waje, sannan ya dawo da hotuna dubu biyu a waya, ya yi asarar rabin tafiyarsa.

Wannan ba zargi ba ne kawai. Linda Henkel, masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, ta zagaya da ɗalibai gidan tarihi, ta sa su ɗauki hoton wasu kayayyaki, wasu kuma su kalla kawai. A binciken da aka buga a 2014, waɗanda suka ɗauka ɗin su suka fi mantawa. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ga an ba na'ura ajiya, sai ta naɗe hannu.

Maganin ƙaramin littafi ne da fensir. Mun gwada a Fas ta Maroko, gaban Bab Bujlud, ƙofar tsohon gari da aka gina a 1913. Mai waya daƙiƙa uku yake yi a nan ya wuce. Mai zane dole ya zauna rabin sa'a, ya ƙirga mashigai uku, ya gwada tsawon na tsakiya da na gefe, ya lura cewa bakan sun tsuke daga ƙasa kamar takalmin doki. Idan ya zagaya ciki sai ya tarar shuɗin waje ya koma kore. Kuma yayin da yake zaune, mai shayi zai leƙo, yara za su taru su gyara masa kuskure. Kyamara takan sa mutane ɓuya, littafin zane kuwa jawo su yake yi.

Za a ce mana: ba mu iya zane ba. John Ruskin, wanda ya koyar da ma'aikata zane a Landan, ya daɗe da amsa wannan: manufarsa su koyi gani, ko da ba wanda zai zama gwani. Layi karkatacce da mutum ya ja da hannunsa ya fi zama a zuciya. Wani zai kawo batun zana mai rai. Muna girmama wannan, amma duniya cike take da hasumiya, ƙofa, jirgin ruwa, dutse da kwanon abinci. Wani kuma zai ce ɓata lokaci ne. To, gaggawar me ake yi? Wanda ya tsaya wuri biyar ya gan su ya fi wanda ya ratsa hamsin yana kallon allo.

Akwai abin da ya fi wannan ci mana rai. A 1832 Eugène Delacroix na Faransa ya cika littattafai da zanen Maroko, har yau ana nuna su a Paris. A 1851 Heinrich Barth ya iso Kano, ya hau Dala ya zana birnin, Turai ta san kamanninmu ta idonsa. Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, muna karantawa har yanzu. Mu jikokinsa muna zuwa Istambul da Alƙahira, mu juya wa gini baya, mu ɗauki fuskarmu, mu ɗora a Instagram. Wa zai gaji wannan? Wayar za ta lalace, kamfanin da ke riƙe hotunan yana iya rufewa. Mu da ke cikin sana'ar mun ga manhajoji da yawa sun mutu da kayan mutane a cikinsu.

Duk mai shirin tafiya ya sa littafi a aljihun jakarsa. Kowace rana shafi ɗaya: abin da ya gani, kwanan wata, kuɗin mota, sabuwar kalmar da ya ji, duk da Hausa. Mu ma mu riƙa kallon ƙasashen mutane da idonmu, mu dawo gida da shaida.